Kokawar Manyan Kamfanoni a Kan Wayar Hannu

A shekarar 1934 wani masanin ilmin halittu ɗan ƙasar Rasha mai suna Georgii Gause ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira faramisiyam. Halittu ne masu ƙwayar rai guda ɗaya tak, waɗanda ba a ganinsu sosai sai da madubin ƙara girma. Gause ya ɗauki iri biyu, watau Paramecium aurelia da Paramecium caudatum, ya zuba kowanne a kwalbarsa, yana ba su abinci daidai wa daida. Kowanne ya hayayyafa har ya cika wurinsa. Amma da ya haɗa su a kwalba ɗaya suna cin abinci iri ɗaya, sai aurelia ya yi ta ƙaruwa, caudatum kuwa ya yi ta raguwa har ya ƙare cikin 'yan makonni. Babu wanda ya ciji wani. Ɗaya dai ya fi ɗan'uwansa saurin kai wa ga abinci da saurin haihuwa.

Daga wannan gwaji aka fitar da wata ƙa'ida da ɗaliban ilmin halittu suka sani: iri biyu na halitta ba sa dawwama a wuri guda idan abin da suka dogara da shi ɗaya ne, kuma bai wadata ba. Ko dai ɗaya ya kau, ko kuwa ya sake abinci da mazauni. Gause ya ga wannan hanya ta biyu da idonsa. Da ya haɗa caudatum da wani iri na uku, Paramecium bursaria, sai suka zauna tare, domin shi bursaria a gindin kwalba yake kiwo, caudatum kuma a ruwan sama.

Wayar da ke aljihun ɗalibi ko malaminsa kwalba ce irin wannan. Abincin da ake kokawa a kansa shi ne lokacin mutum da hankalinsa, kuma awa 24 ce a yini, babu kamfanin da ya isa ya ƙara ta. Masu kokawar kuwa su ne Apple da Google da Meta da Microsoft na ƙasar Amurka, da Samsung na Koriya ta Kudu, da ByteDance na ƙasar Sin.

Faɗuwar Nokia

Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, kamfanin Nokia na ƙasar Finlan shi ne sarkin kasuwa a duniya. Wayarsa ƙirar 1100, mai 'yar tocila a ka, wadda ta fito a 2003, an sayar da fiye da miliyan 250 nata. A shekarar 2007, kusan kashi 40 cikin 100 na duk wayoyin da aka sayar a duniya na Nokia ne. Wayoyi ne masu ƙarko da riƙe caji, ga araha. Da wani ya ce a wannan shekara Nokia zai bar sana'ar waya cikin shekara bakwai, da an ɗauke shi mai zolaya.

A cikin wannan shekara ta 2007 ne Steve Jobs ya fito da iPhone ta kamfanin Apple, waya mai fuskar gilashi da ake shafawa da yatsa. Yawancin mutane sukan ɗauka gilashin ne ya kayar da Nokia, amma ba shi ba ne, domin gilashi kowa na iya saye ya liƙa. Abin da ya sauya kasuwa ya zo ne a watan Yuli na 2008, sa'ad da Apple ya buɗe App Store, watau kantin da duk mai basirar rubuta manhaja zai kai kayansa a sayar wa masu iPhone, Apple ya ɗauki kashi 30 cikin 100 na ciniki. An fara da manhajoji kusan 500. Daga ranar nan waya ta tashi daga abin kira da aika saƙo, ta koma fili wanda wasu ke gini a kansa.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu. Akwai ƙananan manhajoji, kamar na wasa da na banki da na hira. Akwai kuma uwar manhaja, wadda ke tafiyar da wayar baki ɗaya, ta haɗa ƙananan da kyamara da lasifika da ma'adanar bayanai. Manhajar da aka rubuta don wata uwa ba ta aiki a kan wata sai an sake rubuta ta. Ta Apple ita ce iOS, kuma ba ya ba kowa. Kamfanin Google kuwa ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Android tun a 2005, ya raini uwar manhajarsa, sa'an nan ya ba maƙeran waya kyauta. Wayar Android ta farko ta fito a 2008. Samsung ya rungumi Android hannu bibbiyu, kuma a 2012 ya ƙwace kambun da Nokia ya riƙe shekara 14.

Nokia yana da tasa uwar manhajar, Symbian, amma ta tsufa, kuma rubuta manhaja dominta aiki ne mai wuya. A watan Fabrairu na 2011 ya yanke shawarar barinta ya koma ta Microsoft. Wayoyin da suka fito daga wannan haɗin guiwa ba su da laifi, wasunsu ma kyamararsu ta fi ta kowa a zamaninsu. Sai dai sun faɗa cikin wani zagaye marar mafita. Mai saye ba ya son wayar da babu manhajojin da abokansa ke amfani da su, marubucin manhaja kuma ba ya ɓata lokacinsa a kan wayar da ba ta da masu saye. Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 a kan sama da dala biliyan 7. Shekara guda bayan haka ya rubuta asarar dala biliyan 7.6, ya kuma sanar da sallamar ma'aikata 7,800. Haka BlackBerry na ƙasar Kanada, wanda samari suka yi yayinsa saboda hirar BBM, ya daina ƙera waya da kansa a 2016. Yau kimanin kashi 70 cikin 100 na wayoyin komai-da-ruwanka Android ce ke tafiyar da su, kusan duk sauran kuma iOS. Kwalbar ta ɗauki biyu ne kawai saboda ba wuri ɗaya suke kiwo ba: Apple yana cin riba daga waya mai tsada, Google kuma daga talla.

Lissafin jama'a

A dandalin sada zumunta al'amarin ya fi tsanani, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. Idan mutum 10 ne a dandali, hanyoyin da za a iya haɗa su bibbiyu 45 ne. Idan sun kai 100, hanyoyin sun zama 4,950. Idan sun kai 1,000, sun zama 499,500. Ɗalibi na iya gwadawa da kansa: ya ninka yawan mutanen da adadin da ya gaza shi da ɗaya, ya raba biyu. Jama'a ta ninku sau 100, amma hanyoyin sun ninku fiye da sau 11,000. Shi ya sa babban dandali ke ƙara girma don kawai shi babba ne, kamar yadda mai kaya ke zuwa kasuwar da ke ci, mai saye kuma ke bin mai kaya.

Dandalin MySpace ya riga Facebook cika. An saye shi a 2005 a kan dala miliyan 580, amma da jama'a suka fara ƙaura zuwa Facebook, wanda Mark Zuckerberg ya kafa a 2004, sai kasuwar ta watse, aka sayar da shi a 2011 a kan kimanin dala miliyan 35. Shi kansa Google, da duk dukiyarsa da injiniyoyinsa, ya buɗe Google+ a 2011 don ya ja da Facebook. Mutane suka yi rajista, suka leƙa, suka tarar ba kowa, suka koma inda 'yan'uwansu suke. An rufe shi a 2019.

Akwai dai inda misalin kwalba ya gaza, kuma wajibi ne a faɗa. Faramisiyam ba ya iya sayen abokin gasarsa. Kamfani kuwa yana iyawa. A watan Afrilu na 2012 Facebook ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1, alhali ma'aikatansa 13 ne kacal, kuma ba ya samun kuɗin shiga. Mutane da yawa sun ga wauta a cinikin. Amma a lokacin jama'a na ƙaura daga kwamfuta zuwa waya, Facebook kuma ɗan kwamfuta ne, Instagram kuwa a kan waya aka haife shi. Ba ma'aikata 13 aka saya ba, kishiya aka saya tun tana rarrafe. A 2014 aka maimaita da WhatsApp, mai ma'aikata 55 da masu amfani miliyan 450, a kan kimanin dala biliyan 19. Saboda haka wanda ya yi fushi da Facebook ya koma Instagram ko WhatsApp, ɗaki ya sake, bai bar gidan ba. Tun 2021 sunan gidan Meta.

Wanda ya ƙi sayuwa, sai a kwaikwaye shi. Snapchat ya ƙi tayin dala biliyan 3 a 2013. A 2016 Instagram ya fito da irin tsarinsa na hotunan da ke ɓacewa bayan awa 24.

Duk da haka an sami baƙon da ya keta wannan katanga, kuma ilmin muhalli na da misalinsa a kusa. Ciyawar kacalla ta daɗe a fadamun Haɗeja da Nguru ba ta dami kowa ba. Da aka gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma kwance duk shekara, sai kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki. Muhalli ne ya sauya. Haka intanet mai sauri da kyamarar waya mai kyau suka share wa gajeren bidiyo fage. Kamfanin ByteDance ya fitar da TikTok zuwa ƙasashen waje a 2017, kuma a watan Satumba na 2021 ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai biliyan 1 a wata. TikTok bai damu da su wane ne abokan mutum ba. Yana auna daƙiƙa nawa aka tsaya a kan kowane bidiyo, wanne aka maimaita, wanne aka ture, sa'an nan ya zaɓo na gaba. Wanda ya shiga yau ba tare da aboki ko ɗaya ba zai iya kwana yana kallo. Ta haka lissafin nan na hanyoyi 499,500 bai tsare shi ba. Instagram ya mayar da martani da Reels a 2020, YouTube na Google kuma da Shorts.

Wa ke biya?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar Meta daga talla suke fitowa, kuma mai talla ya fi biya da tsoka idan an san shekarun mai kallo da garinsu da abin da ya nema jiya. Ɗalibin da ya zauna minti goma ya tashi bayan awa biyu bai kamata ya ɗora wa kansa laifin duka ba, domin dubban injiniyoyi ne ake biya albashi don kada ya ajiye wayar. Awa biyun nan ita ce hajar da aka sayar.

A wajen wannan ciniki ne ake gane wanda ke da fili da wanda ke haya. A watan Afrilu na 2021 Apple ya sauya iOS ta yadda dole kowace manhaja ta nemi izinin mai waya kafin ta bi sawunsa a wasu manhajojin. Mutane da yawa suka ƙi. A farkon 2022 Meta ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa wannan sauyi ɗaya zai ci masa kimanin dala biliyan 10 a shekarar. Google ma, mai Android, haya yake biya a gidan kishiyarsa: takardun kotu a Amurka sun nuna ya ba Apple dala biliyan 20 a 2022 don injin bincikensa ya zama shi ne na farko a kan iPhone. Gaba da ƙawance a lokaci guda ke nan, kamar na balbela da saniya, in ban da cewa a nan kowanne na iya haɗiye ɗan'uwansa in ya sami dama.

Gwamnatoci sun sa baki a makare. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018 saboda tilasta wa maƙeran waya sanya manhajojinsa a kan Android. Indiya ta haramta TikTok a 2020. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta yanka wa Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa.

Shi kuwa mai kiwo a gindin kwalba, irin bursaria, ana ganinsa a kowane shagon waya a Kano ko Maraɗi. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, bai je ya ja da Apple a Amurka ko Turai ba. Ya dubi mai saye na Afirka: mutum mai layi biyu saboda sabis ba ya tabbata, wanda wutar lantarki ba ta isarsa, wanda kuma kyamarorin da aka ƙera don farar fata ke dusashe masa fuska a hoto. Sai ya yi waya mai ɗaukar sim biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, a farashin da ɗan tireda zai iya. A 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar. Sai dai manyan wayoyinsa Android ce ke tafiyar da su, kuma daga kantin Google mai su ke sauke WhatsApp.