Cutar Still: Idan Garkuwar Jiki Ta Ƙi Kwantar da Makami

Da la'asar jikin yaro ya ɗau zafi, ma'auni ya kai 39 ko ya wuce. Kafin gari ya waye zazzaɓin ya sauka, har ya fita wasa. Gobe haka, jibi haka, har fiye da sati biyu. Gwiwa da wuyan hannu sun kumbura, kaluluwa ta fito, wani lokacin saifa ma ta girma. A wajenmu maganin zazzaɓin cizon sauro ake fara bayarwa, sai na taifot, sannan a yi zargin sikila. Duk zato ne mai hujja, amma akwai cutar da ba kasafai ake tunawa da ita ba.

A 1897 wani likitan yara a Landan, George Frederic Still, ya bayyana wannan nau'in amosanin gaɓɓai a jikin yara. A 1971 Eric Bywaters ya nuna manya ma suna yin ta. An daɗe ana ba su suna biyu, ana raba su a shekara 16, sai a 2024 ƙwararrun likitocin Turai suka ce cuta ɗaya ce. Na yarda da su, domin abin da ke faruwa a cikin jinin iri ɗaya ne.

Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Garkuwar jiki tana da rundunar farko, fararen ƙwayoyin jini masu auka wa duk baƙon abu ba tare da tambaya ba. A cutar Still su ne ke ta sakin sinadaran kiran yaƙi, IL-1 da IL-6 da IL-18, alhali babu abokin gaba. Su ke hura zazzaɓi, su ke cin gaɓa. Shi ya sa gwajin amosanin manya da aka saba da shi yakan fito babu komai.

To, me likita zai duba? Fararen ƙwayoyi sun yawaita, CRP, ma'aunin kumburi a jini, ya hau, sannan feritin, furotin da ke ajiye ƙarfe a jiki, yakan tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai. Babu gwaji guda da ke yanke hukunci. Sai an kawar da zargin ƙwayoyin cuta da sankarar jini. Ƙurajen da ke fitowa da zazzaɓi su ɓace tare da shi kuwa, wuyar gani gare su a baƙar fata.

Kusan yaro ɗaya cikin 10 masu cutar yakan faɗa wani mummunan hali inda ƙwayoyin garkuwa ke cinye ƙwayoyin jini, kuma yana kisa. Magungunan anakinra da tocilizumab suna toshe IL-1 da IL-6, sai dai tsada. Kada iyaye su sayi maganin firednisolon a kemis da kansu, yana ɓoye alamun. Su rubuta lokacin hawan zazzaɓin da saukarsa kullum, su kai wa likita takardar.