Shin Ko Kun San? Daga Taminus Zuwa Ƙauyukan Filato

Shin ko kun san cewa kafin jirgin ƙasa ya iso Jos, a ka ake ɗaukar kuza? A ka fa! 'Yan dako su jeru, su gangaro daga kan tsauni, su yi kwanaki suna tafiyar ƙasa har Loko a bakin kogin Binuwai, can ne ake zuba kayan a jirgin ruwa.

Jirgin da ya fara isowa kuwa ɗan mitsitsi ne. Daga Zariya ya taso, ya iso Jos da Bukuru a 1914. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da rabi kacal! An rufe layin a 1957, amma ku leƙa harabar gidan tarihi na Jos, za ku ga tsohon kan jirgin a ajiye.

Babban layi ya biyo ta Kafanchan a 1927, ya zo ya tsaya cik a tsakiyar gari, nan Taminus. Ku tuna fa, Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Duwatsun Shere da ke gabas da ita sun haura mita 1,800!

Ga abin mamaki a ƙidayar 2006. Jos ta Arewa, inda Taminus take, ta haura mutum 400,000. Maƙwabciyarta Jos ta Gabas, mai hedikwata a Angware, ba ta kai 90,000 ba. Amma a faɗin ƙasa ta ninka Jos ta Arewa fiye da sau 3! Mutane ƙalilan, ƙasa mai yalwa, ƙauyuka irin su Fobur da Maijuju a warwatse tsakanin duwatsu.

Kun san filin jirgin saman Jos ba a cikin Jos yake ba? Yana Heipang, a ƙaramar hukumar Barkin Ladi. Manomi na cikin gonarsa, jirgi na sauka kusa da shi! Kuru ma haka: daga wannan ƙaramin gari ne dogo ya rabu ya nufi Bauchi da Gombe, har ya isa Maiduguri a 1964.

Acaba fa? An hana haya da ita a cikin Jos da Bukuru tun zamanin Gwamna Jonah Jang, Keke Napep ya cika gari. A ƙauye kuwa ita ce sarauniya. Ku dubi ɗan acaba da damina: buhun dankali biyu a baya, shi kuma ya matso kan tankin mai, ƙafafu a ƙasa yana ratsa taɓo. Kuma kun san daga ina yawancin baburan da kekunan suke? Kamfanonin Indiya ne, Bajaj da TVS!

Mafi yawan dankalin Turawan Najeriya daga Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barkin Ladi. Har strawberry ake nomawa a ƙauyen Chaha kusa da Vom. Wannan kuwa ba ya jira. Mota ta makara, ya lalace.

Babbar kasuwar Taminus? An buɗe ta a 1985, tana cikin manyan kasuwanni masu rufi a Afirka ta Yamma. Gobara ta cinye ta a 2002, amma ciniki bai mutu ba, ya bazu gefen tituna. Kabeji, karas, latas, tumatir, duk hanyar ƙauye ce ta kawo su.

Saboda haka in kun ji farashin kayan miya ya tashi da damina, ku tambayi mai sayarwa halin da hanyar ƙauyensu take ciki. Gada ɗaya da ruwa ya cinye a ƙauye, sai tukunyar birni ta ji a jikinta. Ku ba maƙwabta labari!