Abin da ɗalibi ke gani a gidan tarihin yaƙi na Umuahiya

A aji, yaƙin basasar Najeriya bai wuce layi biyu a allo ba: 1967 zuwa 1970. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta.

Gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahiya, jihar Abiya, yana koyar da darasin ta wata hanya dabam. Yaro zai tsaya gaban Ogbunigwe, bam ɗin da 'yan Biyafara suka ƙera da tarkacen ƙarafa saboda an toshe musu hanyar shigo da makamai. Zai sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Biyafara ya riƙa watsa shirye-shirye. Tambayoyinsa sai su sauya: wa ya haɗa wannan? Me ya ci ranar? Ina iyalinsa suke?

Amma ƙarfe ba ya magana da kansa, kuma yara na iya ɓigewa da sha'awar bindigogi kawai. Nan aikin malami yake. Shi zai kawo zancen yunwar da ta kashe ƙananan yara a Gabas, da sojojin tarayya, da yawansu 'yan Arewa, waɗanda iyayensu mata suka yi ta jira ba su dawo ba.