Ɗumame Ba Ya Gyara Shinkafar da Ta Wuni a Kula

Duk shekara, kwana ɗaya ko biyu bayan Sallah, labarin ɗaya ne a unguwanninmu. Gidan wane yara sun kwana suna amai, gidan wance uwargida da kanta ke zaryar banɗaki, mai kemis ɗin bakin layi kuwa Flagyl ɗinsa ya ƙare tun hantsi. In ka tambayi dalili sai a ce maiƙo ne ya yi yawa, ko ciki ne bai saba da nama ba, ko canjin cima ce bayan azumi. Wata ma sai ta rage murya ta ce ita dama tun da kwanon gidan su wance ya shigo hankalinta bai kwanta da shi ba. Da haka zumuncin shekaru yake lalacewa, alhali sau da yawa mai laifin yana nan a madafi, cikin kula, an rufe shi da murfi tun asuba.

Gubar abinci ba ta buƙatar dogon bayani: ciwo ne da ke kama mutum in ya ci abin da ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a cikinsa, ko suka zuba dafinsu. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi jin jiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar nan da ta zauna daram a bakin mutane, masu ilimi da marasa shi: wai in dai an ɗora abinci a wuta ya yi zafi, an kashe komai. Wannan magana rabinta gaskiya ce, sauran rabin kuma shi ke kai yara asibiti.

A duba yadda ranar Sallah take tafiya a gida mai jama'a. Tun kafin kiran assalatu an ɗora tukunyar shinkafa, don a gama kafin a tafi Idi. Ƙarfe bakwai an sauke, an juye a manyan kuloli. Ana saukowa daga Idi aka buɗe aka zuba wa maigida da baƙinsa, aka rufe. Aka sake buɗewa aka zuba na maƙwabta, aka sake buɗewa saboda yara 'yan yawon Sallah, kowace buɗewa zafi na fita, cokali ɗaya yana shiga yana fita, wani lokacin ma hannu ne. Zuwa la'asar in ka ɗaga murfin za ka ga gumi ya taru a cikinsa yana ɗiga, shinkafar ta yi ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi. Da magariba amaryar gidan ta leƙa ta ce, "Hajiya, shinkafar nan fa tun safe take." Sai a ce mata, "Ke 'yar nan, abinci ake zubarwa? Yayyafa mata ruwa ki ɗora a wuta." Ta ɗora, tururi ya tashi, ƙamshi ya dawo, kowa ya ci ya yi hamdala.

Wannan ɗumi-ɗumin shi ne matsalar. Ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi, kuma in sun samu yadda suke so, wasunsu na ninka yawansu duk minti 20. A lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta iya haura miliyan 2 cikin awa 7. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage shi zuwa awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32. To mu da ƙaramar Sallar 2024 ta riske mu a watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke kaiwa digiri 40, sai a yi mana hisabi.

Shinkafa tana da nata abokin gaba na musamman, wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus. A ƙasa take rayuwa, kuma tun daga gona take biyo hatsi. Tana da dabarar dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi, kamar irin ciyawa da ke kwance a ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko na sauka ya tsiro. Dafuwar farko ba ta kashe ta. Shinkafa na hucewa sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba dafi. Shi wannan dafin, an gwada shi a zafin digiri 121 bai lalace ba, alhali ruwan da ke tafasa a tukunyarki iyakarsa digiri 100. Ki ɗumama, ki soya, ki mayar da ita dafa-duka, ƙwayar na iya mutuwa amma dafin yana nan. Awa ɗaya zuwa biyar bayan an ci, amai ya fara. A Ingila tun farkon shekarun 1970 likitoci suka gano wannan, bayan mutane sun yi ta kwanciya saboda soyayyar shinkafar gidajen abinci, wadda ake dafawa a bar ta ta kwana a waje, washegari a soya.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Staphylococcus aureus, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ita a hanci ko a fata yana lafiyarsa ƙalau. Ta hannu take shiga abinci, ita ma dafinta ba ya jin wuta. Akwai kuma Clostridium perfringens, mai son babbar tukunyar miya ko farfesu da aka sauke aka bar ta tana hucewa a hankali, tsakiyarta na ɗumi har dare.

Wani zai ce ai yana shinshinawa kafin ya ci. Hanci ba ya kama wannan. Abincin da ya yi tsami ko yauƙi kowa ya san ya lalace, kuma wannan da sauƙi, domin ba mai cinsa. Wanda ke kayar da mutane shi ne mai kyan gani, mai ƙamshi, wanda ɗanɗanonsa bai canja ba.

Na san hujjar da za a kawo, domin na sha jin ta: iyayenmu da kakanninmu da ɗumame suka rayu, me ya same su? A yi adalci. Tuwon dare da magariba ake tuƙa shi, ya kwana a sanyin dare, da sassafe a yanka shi a tukunya da ruwa ya tafasa sosai. Miya kuwa tsofaffi ba sa kwanciya sai sun sake tafasa ta sun rufe, kuma kowa ya san dokar: ba a sa mata cokali sai da safe. A wasu wuraren ma da ruwan tsami ake tuƙa tuwon, tsami kuwa yana rage wa ƙwayoyin cuta hanzari. Duk da haka ba a ce babu haɗari ba. Amma ina haɗin wannan da shinkafar da ta wuni cikin roba a zafin bazara, hannu goma na shiga cikinta? Sannan masu cewa ba abin da ya samu mutanen da, su tambayi kakarsu 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu, kuma nawa gudawa ta ɗauke ba tare da kowa ya tambayi abin da suka ci ba.

Wani sabon abu ya ƙara dagula lamarin. 'Yan matanmu yanzu suna karatun girki, suna bin marubuta littattafan girki na ƙasashen waje, abin a yaba. Kusan dukkan marubutan nan shawararsu ɗaya ce game da karɓar baƙi: a tsara tun da wuri, a rage aikin ranar biki. Ina Garten ta Amurka littafi guda ta yi a 2014, Make It Ahead, kan abincin da ake dafawa tun kafin ranar. Shawara ce mai kyau, sai dai ta rubuta ne ga matar da firjinta ba ya ɗaukewa dare da rana. Wadda ta kwafi "dafa tun jiya" ta bar "sa a firji" saboda unguwarsu ta kwana uku ba wuta, ta ɗauki rabin karatu. Tun ƙarni na 10 ma, Ibn Sayyar al-Warraq na Bagadaza da ya tattara girke-girken fadar halifofi, da maganar abin da ke ɓata dafaffen abinci da tsabtar tukwane ya buɗe littafinsa, kafin ya kai ga girki ko ɗaya.

Tsari kam dole ne, amma irin namu. Abin da ake yi tun kwana biyu ko uku kafin Sallah shi ne busasshe da soyayye: cincin, dublan, alkaki, nakiya, gireba, dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau. Waɗannan ba ruwa a jikinsu, shi ya sa suke jure ajiya, kuma iyayenmu sun san haka tun kafin a ƙirƙiro firji. A jajibiri a tsince shinkafa, a daka kayan ƙamshi, a tanadi itace ko gawayi ko gas, a wanke kuloli a kife su. Markaɗen tumatir da tattasai a tafasa shi ya tsane, a soya shi da mai sosai. Amma shinkafa, taliya, waina, sinasir, alale, duk mai danshi, ranar za a dafa shi.

Kuma kada a dafa shi gaba ɗaya. Nan ne na fi samun gardama da mata, domin kowa na son ta gama ta yi wanka ta yi kwalliya. Amma shinkafa minti nawa take ɗauka in miya na nan a shirye? A dafa ta safe daidai waɗanda za su ci da waɗanda za a kai wa. Da azahar a ɗora wata, da dare wata. Kafin nan a zauna da takarda a ƙirga bakuna: mutanen gida, gidajen da za a aika wa, baƙin da aka saba gani. Yawancin asarar da ake yi daga "gara ya ragu da ya gaza" take farawa. A tuna kuma cewa duk gidan da kika aika wa kwano, su ma nasu na hanya. Shi ya sa da rana za ki ga gida ɗaya da shinkafa kala-kala a jere, ba mai iya cinye ta. Me zai hana maƙwabta su daidaita, wasu su aika ranar Sallah, wasu washegari? Ko a aika da cincin da soyayyen nama, waɗanda ba sa gaggawa?

Kula ba firji ba ce, ba murhu ba ce, jinkirta hucewa kawai take yi. In za a yi amfani da ita, a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa ta ɗau zafi, a zuba abinci yana tururi, a cika ta, domin kular da ke rabi ta fi saurin hucewa. Gara ƙananan kuloli uku da ake buɗe kowace sau ɗaya, da babba guda da ake buɗewa sau ashirin. Miya kuwa a bar ta kan garwashi tana ɓararraka a hankali ya fi a sauke ta. Haɗin kabeji da dafaffen ƙwai da Bama, sai za a ci a haɗa. Kunun aya in ba ƙanƙara, 'yan awoyi ne ya juya, don haka a yi kaɗan.

Mai firji da wuta, kada ta tura tukunya sukutum, tsakiyarta za ta daɗe ba ta yi sanyi ba. A baza abincin a faranti mai faɗi ya sha iska, a sa shi a firji cikin awa ɗaya, shinkafa kuma a cinye ta washegari, a ɗumama ta sau ɗaya tak har ta yi tururi ciki da waje. Ɗumame yana da amfaninsa ga abincin da aka adana daidai, domin zafin digiri 70 na kashe ƙwayoyin da ke raye. In an ɗauke wuta, firji na riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya kuwa kamar awa 48, mai rabi awa 24. Wannan ya shafi naman layya ƙwarai: a ƙulla shi ƙanana-ƙanana a leda daidai girki ɗaya, in kuwa wutar unguwa ba abin dogaro ba ce, a soya, a yi dambu, a yi kilishi, a raba wa mabuƙata tun yana sabo. Tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, tana taimakon tumatir da alayyafo da gauta, amma sanyinta bai kai na ajiye dafaffiyar shinkafa ko nama ba.

Akwai sauran hanyoyin ciwo, irin su gurɓataccen ruwa, ƙuda, wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza ta koma kan latas, da mugun halin jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi laushi, wanda hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa.

Sai abin da ya fi ci mini rai. In abinci ya kai inda uwargida ta fara shakkarsa, ba ta ba 'ya'yanta, sai ta ajiye wa almajiri. Yaro ya yi sallama, a juye masa shinkafar jiya a roba, a ce an yi sadaka, an kuma tsira daga almubazzaranci. Wannan yaron a tsangaya zai kwana, ba uwa kusa, ba kuɗin kemis, ba mai tashi da shi tsakar dare. Almubazzarancin tun lokacin da aka auna kwano biyar a inda biyu za su isa aka yi shi. In da niyyar sadaka, a zuba masa da rana abincin na da zafi, lokacin da ake zuba wa 'yan gida.

In kuma ciwon ya riga ya kama, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yara da tsofaffi da masu ciki. A nemi ƙunshin gishiri da sukari na kemis, in babu a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan ko da ana amai, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa taɓa dafin da ya riga ya shiga ciki, a bar likita ya yanke hukuncinsu. Da an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idon yaro ya faɗa, ya daina fitsari, ya kasa shan komai, a tafi asibiti a daren, kada a jira a gama hawan Sallah.