Rini, Ciwon Daji da 'Yan'uwanmu Mata

A unguwarmu, kusa da hasumiyar Gobarau, akwai wata 'yar'uwa a cikin Zumuntar Mata wadda ta yi shekara 11 tana aiki a ɗakin rini na wata masaƙa. An rufe masaƙar tun da daɗewa, ta komo gida Katsina. Bara ta soma ganin jini a fitsarinta. Kowa ya ce tsargiya ce, har da ni. Wata shida tana shan jiƙo kafin ta je asibiti, likita ya ce ciwon daji ne na mafitsara.

Wannan abu ba sabo ba ne. A 1895 wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya tarar da wannan ciwo a jikin ma'aikata uku na wata ma'aikatar rini. Daga baya aka gane muguntar wani sinadari mai suna benzidin, da ake haɗa waɗansu launuka da shi. Yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi, jiki ya tura shi cikin fitsari, ya zauna a mafitsara yana ɓarna. Ingila ta hana yinsa a 1967.

Ga inda hatsarin yake, mai karatu. Ciwon ba ya fitowa da wuri. Yakan yi shekara 20 ko fiye yana ɓoye, sai mace ta bar aikin, ta yi jikoki, ta manta. Da fari kuma sau da yawa babu zafi. Mu kuwa mun saba da tsargiya tun muna yara muna wanka a kududdufi, shi ya sa jinin ba ya ba mu tsoro. Ita ma tsargiya in ta daɗe takan kawo ciwon nan.

Rini ba abin kunya ba ne. Lidiya ta Littafin Ayyukan Manzanni mai sayar da tufafin shunayya ce. Amma babar da ake jiƙawa da toka a marinar Ƙofar Mata a Kano daban take da garin launi na kanti, wanda ba kullum aka san abin da ke cikinsa ba.

In 'yarka tana aikin nan a Bompai ko Sharaɗa, ko a tsakar gida, ta sa safar hannu ta roba, ta rufe hanci sa'ad da take zuba gari, kada ta ci abinci kusa da tukunyar, kada ta goya yaro da zanen aiki. Wadda ta ga jini kuwa, ko sau ɗaya ne, ta je asibiti a makon nan, ta faɗa wa likita irin aikin da ta yi da yawan shekarun, ko bai tambaya ba.