Nono zalla da makullin rumbu

A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, ranar awo ta mata ce. Tun da hantsi sun cika rumfar gidan likita, kowace da goyonta da katinsa ƙulle a leda. Ana naɗa wa yaro ɗan ma'auni mai launi uku a damtse. In ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, sai layin Plumpy'Nut, wanda a nan ake ce wa biskit. Kafin awo akwai faɗakarwa, matan kuwa sun haddace ta: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, kada a zubar da dakashi, nono zalla har wata shida ko ruwa babu, sannan kunu mai kauri, shayarwa kuma har shekara biyu.

Amma binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya samu kashi 23 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijar 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla. A ganina ba jahilci ba ne. Wadda aka yi wa huɗubar ba ita ke da iko a gida ba.

Duba batun ruwa. A bazara zafi kan haura digiri 40. Mai jego yarinya ce, sau da yawa ba ta kai ashirin ba, in ɗan fari ne ma ga kunya ta ɗaure ta. Kaka ke wanka, ita ke ɗura bauri da rubutu. In yarinyar ta yi ƙarfin hali ta ce, Inna, likita sun hana ba shi ruwa, amsar da ta saba ji ita ce da ruwan nan aka raini mijinta. Tsohuwar tausayi take ji, ƙishirwa take jiye wa jikanta. Sai dai ruwan rijiya na kawo zawo, yana cika ɗan cikin, tsotso ya ragu, nonon ma ya ja baya.

Bayan wata shida sai matsalar ta koma ta tukunya. Ƙasar nan na noma wake da gyaɗa, ga jar akuyar Maraɗi mai nono, ga zogale a bayan ɗaki. Abin da ke shiga bakin yaro kuwa hura ce tsararo. Wake na kasuwa ne, ƙwai ma haka, har yanzu akwai masu cewa yana sa yaro sata. Makullin rumbun gandu na hannun maigida, wanda kan rufe shi bayan girbi ya tafi bida Najeriya, a bar mace da ɗan hatsin gamanarta da kuɗin tabarmar da ta saƙa da kabar gulbi. Da damina tana gona, tana daka, tana rijiya, tana neman itace. Yaron da ya kamata ya ci sau uku ko huɗu a rana yana bayan yayarsa ƙarama, da ƙwarya ɗaya tsakaninsu.

Sai yaye. Wancan binciken ya ce macen jihar Maraɗi kan haifi 'ya'ya fiye da 8. Da an yi kwanika sai a ce nono ya ɓaci, a cire yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, alhali ma'aikatan lafiya na cewa mai ciki za ta iya ci gaba da shayarwa.

Tun bayan yunwar 2005 an ci gaba sosai wajen magani, kuma tun 2006 gwamnati ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Rigakafin ne ke tafiyar hawainiya. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram sun nuna cewa maza na sauraro in 'yan uwansu maza suka yi musu magana. Ni kuma ranar suna nake hange. Jariri na kwana bakwai, maigida na zaure, kaka na tsakar gida, liman na kan buzu, shi da ya san Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. A wannan taro ya kamata a yi maganar ruwa da wake, da babbar murya, kafin a raba goro.