Ajalin Kwalta Ba Gaibu Ba Ne

A duk lokacin da damina ta yi nisa, sabon titi ya fara burmawa, hukuncin da ake yankewa a tasha da majalisa guda ne, wato ɗan kwangila ya ci amana. Kuma ko da yake zargin kan zo da hujja, abin da ya fi damuna shi ne zaton da jama'a ke yi cewa ajalin titi gaibu ne, ba a saninsa sai ya auku.

Alhali kuwa masana sun daɗe da ƙiyasta shi. Tsakanin 1958 da 1960, kusa da garin Ottawa na jihar Ilinoi a Amurka, aka shimfiɗa hanyoyin gwaji masu kauri daban-daban, aka sa sojoji suna zagaya su da motoci ɗauke da kaya sanannen nauyi, injiniyoyi kuma suna auna tsagewa da lotsawa, har suka fitar da ƙa'idar da ake aiki da ita zuwa yau: idan nauyin da ke sauka a kan jerin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Illar kuwa ita ce kwalta takan ɗan lanƙwashe ƙarƙashin kowace taya sannan ta miƙe, kamar wayar ƙarfe da ake tanƙwarawa ana miƙarwa, wadda ba ta nuna gajiya sai sa'ar da za ta karye. Saboda haka tirelar siminti guda da aka labta wa kaya fiye da kima ta fi dubban ƙananan motoci cin titi.

Tsufan kwalta ma ana hanzarta shi a ɗakin gwaji, inda akan dafa ta cikin tukunyar matsin iska awa 20, a zafi kimanin digiri 100, don a ga yadda za ta taurare bayan shekaru a rana.

Sai dai duk wannan hisabi, wanda galibi kan ba titi shekara 20, yana da sharaɗi: a kiyaye nauyin da aka ƙaddara masa, kuma ruwa ya sami mafita. To, wanda ya dubi kwalbatin da leda da yashi suka toshe, ruwa ya kwanta a gefen titi yana jiƙa ƙasar da ke ɗauke da shi, ya kuma ga tireloli suna wucewa babu mai ɗora su a ma'auni, ya san hukuma da mu kanmu mun warware sharaɗin tun kafin ɗan kwangila ya kwashe injunansa.